Sanyin da Sumie Ta Yi Shiru a Kansa

Shekara talatin Sumie Katagiri tana aiki guda: danna maɓalli. Mijinta Kozo yana can cikin ogan ɗin babban zauren garinsu, abin kiɗa mai bututu dubu huɗu, yana gyara muryarsu ɗaya-ɗaya. Ita tana ƙasa ta danne maɓalli har sai ya ce, "Na gaba."

Sai aka kawo sabon shugaban zaure, Ogasawara, mutum mai ji da kai kamar shi ya ƙera bututun. A gaban ma'aikata ya ce kunnen Kozo ya mutu, ya sallame shi. Kozo ya rusuna, ya tafi gida, bai sake ɗaga kai a titi ba. Kafin shekara ya rasu, sunansa a ɓace. Sumie ba ta yafe ba, ba ta ma gwada ba.

Da bikin cikar zauren shekara hamsin ya matso, Ogasawara ya ɗauko masu gyaran fiyano da 'yar na'urarsu. Ya aika a kira Sumie.

"Iya, danna maɓalli dai ba ya son ilimi, ko?"

"Ko kaɗan, ranka ya daɗe."

Tsakiyar hunturu ne, ga na'urar ɗumama zaure a kashe, wai babu kowa ciki. Sumie kuwa ta san bututu yana sauya murya da zafi, shi ya sa Kozo ba ya taɓa ko ɗaya sai zauren ya kwana biyu da ɗumi. Kwana huɗu tana danna maɓalli da yatsu a sandare, bakinta gum. Har shayi ta dafa musu.

Ranar biki aka kunna ɗumi, mutum dubu biyu suka cika zaure. Makaɗi ya sauke hannu, ogan ya ɓarke da kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Magajin gari ya toshe kunne. Sumie na kujerar baya, daɗi ya cika ta har wuya.

Washegari sai ga Ogasawara a ƙofarta da kwalin waina.

"Iya, ki taimaka. Me marigayi yake yi wanda ba mu yi ba?"

"Ba a nan ka zage shi ba," in ji ta. "Tara ma'aikata."

Ta zo da hoton Kozo, ta jingina shi a kan ogan. Ogasawara ya durƙusa gaban masu shara da masu gadi, goshi a ƙasa, ya ce kunnen Kozo lafiyarsa lau, shi Ogasawara ne ya yi ƙarya. Da ya ɗago yana jiran sirrin, ta goge hoton da hannun riga.

"Ka kunna ɗumi kafin a yi gyara," ta ce. "Shi ke nan abin da ka kashe min miji a kansa."