Daudu da Birinya Mai Dungu

Malam Daudu manomin gyaɗa ne a wani ƙauye da ke gindin duwatsu, yamma da Roni. Shekarunsa sittin da uku. Da can maharbi ne, amma yau shekara tara ke nan bai taɓa bindiga ko tarko ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wata damina birai suka addabi gonarsa, ya ɗana tarkon ƙarfe. Da safe ya tarar da wata birinya a ciki, hannunta na hagu ya kusa rabuwa, ɗanta na maƙale a cikinta. Ya ce ba ta yi kuka ba. Kallonsa kawai ta yi har ya buɗe tarkon. Ta rayu da dungu. Tun daga nan duk kaka yake barin kunya ɗaya ta gyaɗa a bakin gona, ba ya tonewa. In ya ga sawu uku a ƙasa, hankalinsa ya kwanta. Matarsa Tasalla ta ce in bai gani ba, ko tuwo ba ya ci sosai.

Bara bai ga sawun ba. Shi ya sa da wasu malaman makaranta biyu daga Kazaure, Musaddiƙ da Muhammadu Lawal, suka nemi ya kai su kallon birai, nan take ya yarda. Ƙafarsa ba ta son hawan dutse shi kaɗai yanzu, kuma yana so ya duba ta.

Ranar Juma'a suka zo, daga masallaci kai tsaye, cikin fararen kaya, sun sha turare. Daudu ya ji ƙanshin tun suna kan babur. Ya san akwai amya biyu a tsamiyar da ke bakin hanya, ya kuma san zuma ba ta shiri da turare. Amma ya ji nauyin ce wa baƙi, malamai kuma, su tuɓe rigunan Juma'a. Suka kama hanya.

Ba su wuce tsamiyar ba zuma ta sauko. Muhammadu Lawal ya ruga ya ɓuya bayan wani dutse, ya zauna daidai kan gidan cinnaka, ya miƙe yana tuɓe rigar da aka ji nauyin ce masa ya tuɓe. Musaddiƙ ya faɗa kududdufi, hularsa na yawo a saman ruwa, sai hanci yake fitarwa. Daudu ya tsaya korar musu zuma da rawaninsa, ta huce a fuskarsa. Kafin a jima idanunsa biyu sun rufe da kumburi.

A lokacin ne biran suka sauko shan ruwa. Ya ji motsinsu a kan dutse, kusa ƙwarai, ya kasa buɗe ido.

"Malam Musaddiƙ, don Allah duba mini. Akwai mai hannu ɗaya?"

"Baba, akwai wata a baya, kamar tana ɗingishi."

"Kamar, ko ka gani?"

"Wallahi Baba, ruwa ne a idona."

A Kazaure har yau ana ba da labarin ana dariya, musamman wajen cinnaka. Daudu ma yakan yi murmushi in an zo nan. Amma Tasalla ta ce kwana uku da ya yi ido a rufe, ya gaya mata fuskar birinyar kaɗai yake gani, tana kallonsa kamar ranar tarko.

Bana ni mai ba ku labarin nan na bi shi gonar bayan an gama tonon gyaɗa. Birai sun tone kunyar da ya bari tas. Ya durƙusa ya daɗe yana bin sawun da yatsa, daga wannan kai zuwa wancan. Duk huɗu-huɗu ne.

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Na tambaye shi ko baɗi zai tone kunyar. Ya ce a'a, ya riga ya ware irinta.