Sawun Tayar Malam Ɗanlarai

Shekara ashirin da shida ke nan, duk ranar aiki, kafin bakwai na safe Malam Ɗanlarai ya baro gidansa a Inkil, ya isa harabar majalisar dokokin jiha, yana zagaya farar bas ɗinsa yana bubbuga tayoyi da ƙafa. Shi ne direban kwamitin da ke bin diddigin yadda gwamnati ke kashe kuɗin jama'a. 'Yan kwamiti su shige ɗakin taro su yi ta juya takardu, shi kuwa yana gindin dalbejiya da rediyonsa. Ba mai tunawa da shi sai ranar fita gani da ido.

Ita wannan fita tana da al'adarta. Motar ma'aikatar da ake bincika ce ke gaba, bas na biye, masu girma sun ja labule, kowa ya duƙufa a wayarsa. Direba kuwa ba ya tsoma baki a sha'anin manya. Ɗanlarai ya riƙe wannan ƙa'ida har saura wata takwas ya yi ritaya.

A daminar bara aka fita duba rijiyoyin burtsatse biyu da takarda ta ce an haƙa a wasu ƙauyuka biyu can bayan Zungur, an kuma biya ɗan kwangila. Da hantsi suka ga ta farko: tanki sabo fil, allo da sunan gari, mata suna guɗa. Aka ɗauki hoto, aka koma bakin titi cin abinci. Nan daraktan ma'aikatar ya cusa wa kowane direba ambulan, wai na man mota. Ɗanlarai ya sa a aljihu, kamar yadda aka saba.

Bayan azahar motar gaba ta ɗauke su ta wata hanya, aka yi ta kewaye cikin gonakin dawa kusan awa guda. Sai ga tanki, ga allo da sunan gari na biyu, ga wasu matan daban. Ɗanlarai ya sauko ya buɗe wa shugaban kwamiti, Honarabul Mahfuz, ƙofa, sai idonsa ya faɗa kan laka. Tayarsa ta baya ta hagu kwance ce, wato tsohuwar taya da ya saya da kuɗinsa, zanenta ya bambanta da sauran ukun. Ga sawunta nan a ƙasa, ya fara bushewa, a inda bai taka ba tukuna. Rijiyar safe ce aka dawo da su ta bayanta, aka canza allo.

Ya dubi darakta, darakta ya dube shi, ya kuma gane ya gani. Mutumin nan waya ɗaya zai buga takardun fanshon direba su ɓace. Ɗanlarai ya tuna 'yarsa Salma da ke shekarar ƙarshe a jami'a. Sakatariyar kwamiti, Hajiya Zakiyya, har ta miƙa wa shugaba takardar shaida, ya zare murfin biro.

"Ranka ya daɗe, kafin a sa hannu, a duba ƙasa," in ji Ɗanlarai.

Darakta ya yi dariya, ya ce da alama rana ta bugi tsoho. Ɗanlarai ya ciro ambulan ya ajiye a kan motar darakta, ya shiga bas ya ja baya kaɗan, sabon sawu ya kwanta kusa da na safe. Hajiya Zakiyya, wadda ta ba mu wannan labari, ta ce kowa ya ga zanen sawun biyu iri ɗaya ne. Shugaba ya mayar da murfin biro, ya ce a kai shi gari na biyu, kuma bas ce za ta shige gaba. Can suka tarar da mata suna ɗibar ruwa a kududdufin da shanu ke sha.

Kwamiti ya kira zama, aka tilasta wa ɗan kwangila ya haƙa rijiyar. Amma kada ku ɗauka an yi wa Ɗanlarai kyauta. Sati biyu da faruwar abin, wani daga sama ya sa aka karɓe masa makullin bas. Wata biyar yana zuwa aiki yana zama gindin dalbejiya ba mota, abokai suna kauce masa. Sai da Hajiya Zakiyya ta bi ofis-ofis kafin fayil ɗin fanshonsa ya fito.

Malam Ɗanlarai, kai ne ka ga abin da 'yan kwamiti goma sha ɗaya masu digiri ba su gani ba. Kai ne ka ji tsoro, mun sani, amma ka yi magana. Ba sunanka a rahoton kwamiti, sai dai tun daga ranar ba a ƙara barin motar wanda ake bincika ta ja gaba ba. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa ka ci fanshonka lafiya. Ku kuma masinjoji da masu gadi da akawu, masu cewa ba ruwan ƙaramin ma'aikaci, ga naku nan.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya yi sallama da aiki. Lucky, direban da ya gaje shi, ya tambaye shi ko akwai abin da ya kamata ya sani game da motar. Ɗanlarai ya daɗe yana kallon tayar baya ta hagu, sannan ya ce, "Ko za ka canza ta da sabuwa, kada ka sa mai irin zanen sauran."