Shuɗi Ba Ɗaya Ba Ne a Rumfar Alhaji Mustafa

Duk shekarun da na yi a aikin nan ban taɓa iya mantawa da wata ranar Laraba ba, ranar da na shiga Kasuwar Kurmi ina ji da kaina, na fito kunya ta rufe ni. Ku da kuka zo mana kwanan nan, kuna ganin na cika takura muku a kan ɗan rubutun da ake sa wa hoto. To ku gyara zama ku ji inda na samo shi.

Lokacin ina shekara ta biyu a ofishinmu, ƙaramar ma'aikaciya a sashen haɗa wa 'yan kasuwa shafin intanet. Shugaban sashen Malam Sabi'u ne, mutum mai sanyin murya. Ba ya faɗa, sai dai ya yi maka tambayar da ba ka da amsarta. Aikinmu kashi biyu ne: mu gina shafi, sannan mu sa ya riƙa fitowa idan wani ya ɗauki waya ya rubuta abin da yake nema a injin bincike. Ga wanda ba ɗan sana'ar ba, shi injin nan yawo yake yi shafi-shafi yana karanta abin da aka rubuta yana adanawa. In aka tambaye shi abu, sai ya jero shafukan da ya ga sun fi dacewa da tambayar. Wanda bai fito a sahun farko ba, kamar mai rumfa ne a lungun da ba a bi.

Wata malamar asibiti, Hajiya Ummi, ita ta kawo mana aikin mahaifinta. Sunansa Alhaji Mustafa, jinin Larabawan nan da kakanninsu suka ratso sahara da fatauci suka zauna cikin birni. Kayan rini da saƙar hannu yake sayarwa a Kurmi tun yana saurayi. Hawan jinin ido ya ci ganinsa, sai dishi-dishi, ga kuma masu saye sun ja baya. 'Ya'yansa maza suka yanke cewa in azumi ya zo ba a ga canji ba, za a ba wani rumfar, shi ya zauna a gida ya huta. Hajiya Ummi ta ce mini, idonta ya kawo ruwa, "Malama Rabi, ni na san Baba. Ranar da ya daina zuwa kasuwa, ba zai daɗe ba."

Kwana huɗu na gama shafin, ina ta yabon kaina. Na tura mai hoto ya ɗauko hotuna kusan saba'in, na jera su gwanin sha'awa. Taken shafin na sa "Barka da zuwa". Ko'ina na cusa "kaya masu inganci, farashi mai sauƙi", har sau nawa ban sani ba, don na ɗauka maimaitawa ita ce dabara. Ni ko ƙafata ban taka rumfar ba.

Wata biyu shiru, ko kiran kuskure babu. Ran nan Malam Sabi'u ya jawo kujera kusa da teburina.

"Rabi, rubuta mini abin da Alhaji yake sayarwa mu ga ko zai fito."

Na rubuta "yadi mai kyau a Kano". Masu shadda da atamfa suka cika fuskar kwamfutar.

"Shadda yake sayarwa?"

"A'a, Malam."

"To me yake sayarwa?"

Na hau duba hotunan ɗaya bayan ɗaya ina laluben amsa. Ya miƙe ya ce, "Gobe kada ki zo ofis. Ki wuni a wajensa."

Wallahi raina ya ɓaci. Ni da na yi karatun kwamfuta, a ce in je in zauna kan buhu a kasuwa? Haka na hau adaidaita da safe ina ƙunƙuni, na yi ta kutsawa lungunan Kurmi ina tambaya har aka nuna mini rumfar. Na tarar da dattijo fari, siriri, da farin gemu, tafin hannunsa ya yi shuɗi-shuɗi. Muka gaisa, ya sa na zauna a kan darduma. Na ciro waya don in nuna masa irin aikin da na zuba.

Ya yi murmushi. "'Yata, idon ya yi ritaya. Ke ki faɗa mini abin da ke ciki. Na farko mene ne?"

"Wani yadi ne shuɗi, Baba."

"Na biyu fa?"

"Shi ma shuɗi ne, amma ya ɗan fi duhu."

"Na uku?"

Na duba, na sake dubawa. "Shuɗi ne... mai ƙyalli."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Maƙwabcinsa mai sayar da takalman fata ya leƙo yana tambayar lafiya. Alhaji ya ce, "Lafiya lau, an kawo mini wadda ta fi ni makanta ne." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga nan ya miƙa hannu baya, ko juyawa bai yi ba, ya shafa jerin kayan ya zaro ɗaya. "Wannan saƙi ne, saƙar hannu, fari da shuɗi ƙanana-ƙanana kamar zanen zabo. Babbar riga ake ɗinkawa da shi." Ya zaro wani, ya kai hanci. "Wannan rinin Ƙofar Mata ne, an tsoma shi ya fi a ƙirga, shi ya sa ya koma kamar baƙi." Ya ɗauko mai ƙyallin da na ce. "Wannan kuwa rawani ne, ɗan Kura. Ƙyallin ba na kanti ba ne, bugu ne. An zuba masa shuni an buge shi da itace har ya ɗauki ido. Murza ki gani."

Na murza, yatsuna suka yi shuɗi.

A wurin nan abin ya faɗo mini. Injin da nake ta roƙo ya nuna shafin Alhaji, halinsa ɗaya da Alhajin: ba ya gane hoto yadda yake gane magana, sai an gaya masa. Ni kuwa na miƙa masa hotuna saba'in masu sunan lambobi, babu kalma ɗaya a kansu, na ce ya nemo masu saye. Mai neman saƙi saƙi zai rubuta, kuma kalmar saƙi ba ta ko'ina a shafin.

Na ciro littafi na ce, "Baba, a fara daga farko." Muka yi ta yi, shi yana zarowa yana faɗa, ni ina rubutawa ina haɗa kowanne da hotonsa. Tsamiya mai launin ƙasa-ƙasa, barage mai jan ratsi, luru da gwado na lulluɓa, turkuɗi mai baƙin rini, da wanda ake ɗinka wa ango da wanda ake shimfiɗawa. Aka kira azahar ya tafi masallaci, ya dawo muka ci gaba. Sai da muka zo kan rawanin muka saɓa.

"Ki rubuta cewa yana zuba a jiki. Goshi da wuya duk sai sun yi shuɗi."

"Haba Baba, ai wannan aibi ne. In na rubuta, guduwa za a yi."

Fuskarsa ta canza. "Wanda zai gudu dama ba nawa ba ne. Buzu in ya zo, murzawa yake fara yi. In bai zuba ba, ajiye maka kayanka zai yi ya ce jabu ne. Kuma ko ba don haka ba, ni ban taɓa sayar wa mutum abu na ɓoye masa halinsa ba. Ba zan fara da tsufana a cikin waya ba."

Na rubuta yadda ya ce, ba don na yarda ba.

Mako guda na yi ina gyara, Malam Sabi'u yana duba kowane mataki kafin a saki. Taken shafin ya koma abin da ake sayarwa da inda ake sayar da shi. Kowane irin kaya na ware masa shafinsa, da sunan da masu saye suke kiransa, da bayanin Alhaji kusan kalma da kalma. Kowane hoto na canza masa suna na rubuta abin da ke cikinsa. Na rage musu nauyi don su buɗe ko a wayar da sabis ɗinta ke jan ƙafa. Na sa rumfar a taswira, da kwatance irin namu na cikin gari, da lokacin buɗewa, har da cewa ranar Juma'a sai bayan an sauko. "Kaya masu inganci" kuwa na share shi kaf. Sannan muka sanar da injin ya dawo ya sake karantawa.

Aikin nan ba ya nuna kansa da wuri, kuma azumi yana ta matsowa. Kullum da safe sai na duba ko shafin ya fara fitowa. A mako na biyar wani tela daga Zariya ya kira yana neman saƙi na rigar ango. Bayan kwanaki aka samu wata mata daga Abuja mai son luru. Sai ran nan Hajiya Ummi ta kira ni da albishir. Wasu Buzaye biyu daga Agadas sun zo har rumfa da waya a hannu. Ƙaramin cikinsu ya ce sun duba shafuka da dama suna neman rawani, kowa cewa yake kayansa ba ya zuba, nan kaɗai suka ga an rubuta yana zuba, shi ya sa suka san na gaske ne. Na ajiye wayar na rufe fuska da mayafi don kada 'yan ofis su ga ina hawaye.

Ba zan ce muku kasuwa ta dawo kamar da ba. Amma ta motsa yadda 'ya'yan suka janye maganarsu. Hajiya Ummi ke karanta masa saƙonni in ta taso aiki, shi yana faɗin amsa.

Abin da na ɗauka daga ranar nan shi ne, kalmomin da muke wahalar nema a kwamfuta suna bakin mai kayan, shekara da shekaru yana jin su daga masu saye. Namu mu je, mu zauna, mu rubuta gaskiyar abin ko da ba ta yi mana daɗi ba. Shi ya sa ba na sa hannu a aikin wanda bai taka wurin mai sana'ar ba.

Ana saura kwana biyu a ɗauki azumin shekarar, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Alhaji Mustafa ne, hayaniyar kasuwa na tashi a bayansa.

"'Yata, an ce a hoto guda kin rubuta barage alhali tsamiya ce. Ki gyara, kada ki sa ni ƙarya."

Na ba shi haƙuri, na tambaye shi yana ina in zo mu duba tare.

"Ina zan kasance kuwa? Ina rumfa."