Mai Awon Oba-oba a Ƙofar Gidanmu

Ban taɓa gaya wa kowa ba: ina 'yar sha shida a Kadawa, tun babu salula, na rubuta wa wani ma'aikacin ruwa wasiƙa. Kullum sai ya tsayar da motarsa mai doguwar eriya a ƙofar gidanmu yana ta rubutu. Littattafan soyayya suka ce mini don ni yake yi.

Ran nan na fito da wasiƙar a hannu, da ƙyar na ce masa, "Yallaɓai, kullum nan kake tsayawa."

"Ƙanwata, wayarmu ta oba-oba nake aunawa, in ga inda magana ke kaiwa. A nan take yankewa, riminku ne ke tarewa. Gobe sai Bunkure."

Rimi! Sati biyu ina kwalliya, ashe bishiya yake kallo! Haushi ya cire mini kunya, na ce a raina wallahi yau sai ya karɓi wasiƙar nan.

Ku da kun miƙa?