Inna Mai Gilashi da Shaidarta

Ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa yi wa Inna a hanya ba. Kafin mu masu fararen riguna mu iso muna hamma, ta riga ta sa safar hannu, ta jera ƙananan gilasanta a bakin famfo, a ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda. Kowane gilashi bai fi farcen babban yatsa ba, ga shi siriri kamar ɓawon albasa. Takan wanke shi da sabulu, ta ɗauraye sau bakwai da tataccen ruwa, ta busar, sannan ta ɗaga shi saitin taga tana harararsa kamar ya yi mata laifi. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye shi.

A ɗakin bincikenmu akwai na'ura mai amfani da haske wajen gano alamar cuta a jini tun tana ƙwaya ɗaya tak. Ana ɗiga jinin a kan gilashi, a haska shi. In ƙwayar ta manne, sai ɗigon haske ya ƙyafta a allon kwamfuta. Sai dai na'urar ba ta da wayo: ƙura ma ƙyaftawa take yi, haka maiƙon yatsa. Ke nan duk bokonmu a hannun mai wanki yake, ko da yake ba mu cika son faɗa ba.

Inna tana da dokarta. A kowane wanki takan ware gilashi ɗaya a ɗan akwati, tana kiransa shaida. Shi za a fara sawa a na'ura, ba jini ba komai. In allo ya tsaya baƙi ƙirin, to wanki ya fita, a ci gaba. Mu kuwa in sauri ya kama mu sai mu tsallake, mu ce ai wankin Inna ba ya buƙatar shaida.

Ni ma na tsallake. Shekara uku ina neman alamar wata cutar hanta a jini ban ga komai ba, sai wata Talata allo ya cika da ƙyafce-ƙyafce. Na yi tsalle, na yi ihu. Farfesa, shugaban ɗakin, ya ce in rubuta sakamakon a fitar wa duniya cikin makon. Ina cikin murna sai ga Inna a bakin ƙofa, akwatinta a hannu.

"'Yar nan, kin sa shaida?"

"Haba Inna, yau ma? Ki bar ni in yi murnata mana."

"Murnar tana nan, ba inda za ta. Sabulun nan da aka canza mana, ban yarda da santsinsa ba. Sa shi in gani."

Na sa shi ina ƙunƙuni. Gilashin da ba a ɗiga masa komai ba ya shiga ƙyaftawa fiye da na jinin. Ashe sabulu na gano.

Na yi kuka, kuma in faɗi gaskiya, kwana biyu ban gaishe ta ba. Ita kuwa da ƙafarta ta je ofishin Farfesa. Sakatarensa ta ji da kunnenta tana cewa, "Ranka ya daɗe, wankina ne bai fita ba. Kar a ɗora wa yarinyar nan." Da a ce ta yi shiru tun ranar Talatar nan, ba wanda zai tuna da mai wanki. Sakamakon zai fita, masana a wasu wurare su gwada su ga ƙarya ne, sunana ne zai ɓaci har abada. Ta nemo tsohon sabulu, ta sake wanke gilasai ɗari huɗu ɗaya bayan ɗaya. Bayan wata bakwai allona ya sake ƙyaftawa, shaida kuwa ya tsaya baƙi ƙirin, wannan karon na gaskiya ne.

Inna, ke ce kika tona asirin wankinki don ki rufa mini nawa. Ke ce mai idon da ya fi na'ura. Ba ki da digiri ko ɗaya, amma duk wanda ya samu digiri a ɗakin nan ta hannunki ya bi. Ina ƙaunarki, kuma har yau ina jin kunyar kwana biyun nan. Na gode, Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi cikin jikokinki.

Ku kuma masu aiki, ko wane iri ne, ku riƙa ware shaida a kan aikinku kafin wani ya ware muku.

Jiya ta miƙo mini ɗan akwatin nan, da gilashi ɗaya daga wankinta na ƙarshe. Na ce zan adana shi don tunawa da ita. Ta harare ni.

"Adana me? Ni na wanke shi, amma kar ki yarda da ni. Sa shi ki gani."

Na sa. Muka tsaya ni da ita muna kallon allon, baƙi ƙirin, ko ɗigo babu.