Gwaggo Tela, Mai Ɗinka wa Tauraro Riga

Tauraron ɗan Adam da ke aiko wa manoma labarin ruwan sama yana can yana zagaya duniya sanye da rigar da wata mata ta ɗinka. Ranar Alhamis matar ta yi ritaya daga hukumar sararin samaniya ta ƙasa, kuma babu wanda ya iya aikinta. Ma'aikata na kiranta Gwaggo Tela.

Kullum da safe takan wanke hannu, ta rufe gashi, ta sa farar riga, ta shiga ɗakin da ko ƙura ba a bari ta shiga. A nan take jera wasu siraran ledoji masu ƙyalli, ta ɗinke su su zama bargon da ke kare tauraro daga zafin rana da sanyin sama. Ɗan maiƙo kaɗan na iya ɓata su, don haka tun da ta kama aiki ta daina shafa mai a hannu.

'Yarta kan tsokane ta: "Mama, wannan hannu naki ai sai ya kankare tukunya."

"Ke dai ci abincinki. Abin da hannun nan ya taɓa ya wuce gajimare."

Hukumar ba ta kasuwanci. Wata ma'aikata ce ke riƙe da ita, majalisa kuma ke yanka mata kason kuɗi duk shekara. Shekarar da aka mayar da ita ƙarƙashin wata ma'aikatar, kasonta ya maƙale a tsakani, aiki ya tsaya cak. Babban injiniya ya ce shi shaida ne: "Mu duk mun watse neman na cefane. Gwaggo ko fashi ba ta yi ba, tana duba bargunan kada danshi ya kama su. Da sun lalace, da ba mu harba komai ba."

Gwaggo, ke ce kika yi ɗinkin da ba mai iya hawa sama ya gyara, kuma har yau bai warware ba. Ranar da aka harba tauraron kina tsaye can baya, ba wanda ya ambaci sunanki. Mun gode. Duk mai sana'ar hannu ya riƙe tasa yadda kika riƙe taki.

Tauraro na gaba na nan kan tebur tsirara. Hukumar ta nemi gurbin sabon tela a kasafin baɗi, Gwaggo kuma ta ce ko gobe aka kawo shi za ta dawo ta koya masa. Kwamitin majalisa bai zauna a kan maganar ba tukuna.