Wanda Aka Ce Ya Riƙa Raka Ni Gida

Ni dai a aji biyu na ƙaramar sakandare na tsaya. In mutum ya tambaye ni dalili, nakan ce boko ne bai karɓe ni ba, a yi dariya a wuce. Amma lissafi har yaba ni ake yi a aji.

Gidanmu yana ƙauye ta wajen Lausu, makarantar kuma a gefen garin Rano take. A ƙafa nake zuwa. Akwai titi, amma ya yi zagaye, kowa ta burtali yake yankewa, ta tsakiyar gonaki. Da rani ba matsala, kana hango mutum tun daga nesa. In damina ta yi nisa kuwa, dawa ta wuce tsayin mutum, hanyar sai ta koma lungu. Ba ka ganin kowa, ba mai ganinka.

Babana Bahaushe ne manomi. Innata Bafulatana ce, daga rugar bayan ƙauyenmu ya auro ta, ni kuma ita na ɗauko, fari siriri. A firamaren ƙauye ba wanda ya damu da wannan. Da na shiga sakandare, lokacin kullum rediyo labarin 'yan bindiga take yi, sai wani siniya ɗan aji uku ya laƙaba mini ɗan bindiga. Dogo ne, ɗan cikin gari, firifet ne kuma, yana da 'yan korensa. Lokacin tara sai su tare ni bayan azuzuwa, su zazzage jakata wai harsashi suke nema, su tuntsurar da furar da inna ta dama mini. Ina tsallen kwaɗo suna tambayata inda muka ɓoye mutanen da muka sato.

Dabara ɗaya nake da ita. Babansa yana da gona ta hanyarmu, da damina yakan bi ta can a keke in an tashi. Amma shi ke rufe azuzuwa, sai ya jima bai fito ba. Don haka da an kaɗa ƙararrawa nake rantawa a na kare, kafin ya fito na kai ƙauye. Makaranta tasa ce, hanya tawa.

Ana nan sai mutane suka zo daga ofishin ilimi da sabuwar doka, aka karanta mana a asembili. Ba a yarda wani ya zagi wani da ƙabilarsa ko garinsu ba. Ba a yarda siniya ya taɓa na ƙasa da shi ba. Wanda aka zalunta ya gaya wa malami, za a kira iyaye, in mutum ya sake a kore shi. Har da fenti aka rubuta a bangon ƙofa. Na karanta na sake karantawa, wallahi na ɗauka don ni aka yi ta. Bayan 'yan kwanaki na samu malamin lissafi, na gaya masa komai. Ransa ya ɓaci sosai, nan take ya ja ni wajen firinsifal.

Aka kira iyaye. Babana ya zo cikin rigarsa ta Juma'a, ya cire takalmi tun daga baranda. Baban siniyan wani Alhaji ne dillalin hatsi, mutumin kirki, kowa ya san shi. Da ya ji abin da ɗansa yake yi, sai ya miƙe ya wanke shi da mari a gabanmu. Kowa ya ga an yi adalci. Ni kuwa na san wa marin nan zai komo wa. Babana sai haƙuri yake bayarwa, yana cewa yara ne, kamar shi ne mai laifin.

Firinsifal ya ce shi ba ya son kora, yaro gyara shi ake yi. Ya sa muka yi musabaha, hannun siniyan ya matse nawa har yatsuna suka yi ƙara. Sannan firinsifal ya dubi siniyan ya ce, "Daga yau wannan ƙanenka ne, amana na ba ka. Tunda gonarku ta hanyarsu take, kullum in an tashi ku tafi tare. Duk wanda ya taɓa shi, kai zan tambaya."

"In sha Allahu, Malam," in ji shi, yana kallona.

Aka shafa Fatiha. Babana ya yi ta godiya har bakin ƙofa, a hanya yana ce mini na yi dace, na samu yaya a cikin gari.

Washegari da aka tashi na fito da gudu kamar yadda na saba. Maigadi, wani tsoho, ya tare ni da sandarsa yana murmushi.

"Ina za ka, ɗan Fulani? An ce ka jira yayanka."

Na tsaya a jikin bangon nan, ƙarƙashin rubutun, har makaranta ta watse. Siniyan ya fito yana tura kekensa, da lauje ɗaure a baya na yankan ciyawar raguna. Muka shiga dawa, ni a gaba shi a baya. Ranar bai taɓa ni ba. Fito kawai yake yi, can sai ya kaɗa ƙararrawar keke a bayana in zabura, ya yi dariya. Da ya dake ni ma da ya fi mini sauƙi. Sai da muka zo inda ba a jin ƙarar motar titi ya ce, "Ɗan bindiga, nan ma akwai firinsifal?"

Daga baya dukan ya zo, da tsumagiya, a inda yunifom ke rufewa. Wani lokaci ya kwance laujen ya riƙa saran ganyen dawa daidai kunnena. Ya ce in na ga dama in sake kai ƙara, shi ma zai kai ƙarar kawunnaina wajen 'yan banga, ya ce akwai bindiga a rugarsu, mu ga wanda za a fi saurara. Wannan ta fi laujen tsorata ni. Na taɓa ganin yadda aka yi wa wani makiyayi a kasuwa kan zargi kawai.

Na ɗan taɓa wa babana maganar, ya ce an yi sulhu an shafa Fatiha, kar in kunyata shi gaban Alhaji. Inna ta ga ba na cin abinci, ta yi ta tambaya, na ce zazzaɓi ne. In ta sani, 'yan uwanta za su sani, daga nan ban san inda abin zai tsaya ba. Wata rana malamin lissafi ya gan mu muna fita tare, ya dafa kafaɗata cikin jin daɗi ya ce, ka ga amfanin doka ko? Na ce e, Malam.

Wata safiya na iso ƙofar makaranta a makare, maigadi yana shirin turo ƙyaure. Ya ce in shigo mana. Na dubi sandarsa, na tuna in na shiga ba zai bar ni in fita ba sai da yayana. Na ja da baya. Na ce ina zuwa, na miƙe titi har tasha, na cusa rigar makaranta a jaka, na zauna wajen masu wankin babur. Wani ya miƙo mini soso.

Da babana ya gane, ya yi faɗa har ya gaji. Na ce karatun ne ba ya shiga. Tun daga nan na yi faci, na sayar da rake, na je Kano na dawo, na zauna Kibiya wajen wani bakanike, ban daɗe ba. Yanzu acaɓa nake yi. Rubutun yana nan a bangon makarantar, an ma sabunta fentin. In na ɗauko fasinjan wajenmu da damina ya ce mu yanke ta burtali, sai in ce akwai caɓi, in bi titi.